Dirkar da Na Ƙi Bugawa

Alheri da salama su tabbata gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Shekara talatin na yi ina gini kafin gwiwa ta zaunar da ni, kun kuma san ni da koyar da Maganar Allah a cikinku. Yau laifina zan faɗa. Na ji kunyar mutum fiye da yadda na ji tsoron Allah, har na kusa ɗaukar alhakin rai.

Sa'ad da muka tashi ƙara tsawon bangon majami'ar nan, ni aka danƙa wa aikin. Dandamalin ƙarfe da magina ke hawa sai Maradi. Mu nan dirkoki muke kafawa, mu ɗaure da igiya, mu shimfiɗa katako. Ƙa'idar da na koya tun ina sabon magini ita ce, ba a kafa dirka sai an buga ta da guduma an saurara. Mai lafiya takan amsa da ƙarfi. Wadda gara ta ci, bayanta sumul, cikinta ƙasa.

Dirkokin kuwa kyauta ce daga surukina, wan matata, wanda ya riƙe ta har ya aura mini ita. Tun daga Korahane ya kawo su a amalanke, ya zauna a inuwa yana kallo cikin farin ciki. Ni da ko sunansa ba na kamawa, yaya zan gwada kyautarsa a gabansa? Na ga alamar sun yi damina kwance a ƙasa. Na kau da kai, na ce a kafa.

Washegari da safe Isufu magini, maƙwabcinmu musulmi, uban 'ya'ya shida, ya hau tsayin mutum uku, aka miƙa masa bulo. Ya leƙo yana dariya: "Dattijo, kun duba iccen nan ko? Ni dai ba ni da fiffike."

Na ce, "Na duba." Kaito! Da bakin da nake koyarwa na faɗe ta.

Fasto ya ce in yi addu'ar buɗe aiki. Na fara: "Ya Ubangiji, ka kiyaye bawanka da ke bisa." Nan harshena ya yi nauyi. Ina roƙon Allah ya tsare mutumin da ni na ɗora a kan abin da ban yarda da shi ba! Sau nawa na koya muku cewa ba a gwada Ubangiji? Na ce a zuci, "Yesu, ka raba ni da tsoron idon mutane." Ban kai amin ba na buɗe ido.

"Isufu, bar bulon nan, sauko. A hankali, ta wajen bango."

Da ya sauko na ɗauki guduma, surukina da ya kwana wurinmu na kallo. Dirka ta fari ta amsa, ta biyu ta amsa. Ta uku, wadda ke daidai inda Isufu ya tsaya, sai gudumar ta nutse a cikinta, jar ƙasa ta zubo mini a ƙafa. Katakon ya karkata, bulon ya rikito ya tarwatse.

Isufu ya daɗe yana duban bulon. Ya ce, "Dattijo, cewa kuka yi kun duba."

Na ce, "Ƙarya na yi maka. Ka gafarta mini." Ya ɗauki hularsa ya tafi.

Na durƙusa gaban surukina na ce, "Baba, ku yi haƙuri." Ya karɓi gudumar, ya bi sauran dirkokin da hannunsa, ya fitar da wasu ruɓaɓɓu biyu. Sa'an nan ya ce, "Icce na kawo wa Allah, ba gawa ba. Da mutumin nan ya faɗo, da wane ido za ni koma Korahane?"

Bayan kwana uku Isufu ya dawo da gudumarsa. Har muka gama aikin, kowace safiya a gabana yake buga dirkokin ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina tsaye ina saurare. Rashin yardar nan ya cancance ni, kuma na karɓa.

Godiya ga Yesu, wanda ya riƙe ruɓaɓɓen itace har na tuba, ya mayar wa yara shida ubansu! Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. In ya tsayar da harshenku a tsakiyar addu'a, ku buɗe ido ku yi abin da ya nuna muku. Amin.