Sharaɗin Inna Fatsuma

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugabar wannan zama, Hajiya Haifa, likitarmu Dokta Wafa, iyayenmu mata na unguwannin Tandabawi da Utaibiyya, da ɗalibaina 'yan mata da ke can baya, ina gaishe ku, ina kuma gode muku da kuka amsa kira.

Akwai tambayar da ta rikita ni, na san ta rikita wasunku. Mu da muke zaune kusa da Harami, idan cuta mai kisa ta zo mana, magani za mu nema ko godiya za mu yi?

Da muka kafa ƙungiyar nan ta wayar da kan mata, na ɗauka rashin sani ne matsalarmu. Dokta Wafa ta gaya mana sankarar nono kan kama baƙaƙen mata da wuri, kuma sau da yawa ba a gano ta sai ta yi nisa. Sai muka shiga gida-gida muna koya wa mata su riƙa shafawa, ko za su ji ƙullutu.

Har muka isa wurin maƙwabciyata Inna Fatsuma, wadda ta yarda in ambace ta. Ashe ta sani. Tun kafin hajjin bara ta ji nata, tana shafa masa Zamzam. Na ce, "Inna, mu tafi asibiti." Ta yi dariya ta ce, "Mubina, ya binti, 'yata, iyayena da ƙafa suka tako daga Sakkwato don a sallace su a Harami. Ni kuma sanadi ya zo min har ɗaki, ki ce in kai a yanke?"

Wallahi, duk karatuna ya gudu. Na ce neman magani ba ya warware tawakkali. Ta ce ta riga ni sani. Na ambaci jikokinta. Har yau ban san ko na ba ta amsa ba. Can ta ce, "Ba zan zama abin kallon unguwa ni kaɗai ba. In sa'annina za su cire mayafi a duba su, zan bi su."

To, iyayena, magana ta dawo gare ku. Ranar Lahadi da safe motar asibiti za ta tsaya a ƙofar makarantar nan, kuma mace ce za ta duba ku. 'Yan mata, kowacce ta riƙo hannun kakarta, ta fassara mata Larabcin likita. Kafin nan, kowacce ta shafa nata ta ji. Ga Inna can zaune, tana jiran ta ga wadda za ta fara ɗaga hannu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana kwana a wannan gari mai alfarma. Idan lokaci ya yi, ya sa a sallace mu a Harami, bayan mun yi iyakar ƙoƙarinmu. Na gode.