Tsakanin Bakwai da Takwas

A bencin mai gyaran kayan lantarki, wani mutum na zaune rungume da injin niƙa kofi ɗan gwanjo, kamar jariri. Matar da ke gefensa ta leƙo.

"Sannu da jinya, Malam. Me ke damunsa?"

"Lafiyarsa ƙalau, Hajiya, lambobinsa ne. In na murɗa shi zuwa takwas, garin ya fito tsaki-tsaki, kofin ya zubo tsululu kamar ruwan wanke-wanke. In na dawo bakwai, ya yi laushi har ya toshe injin dafawa, sai ɗigo, ga ɗaci. Tsakaninsu nake nema."

"Allah sarki, babban aiki. Wanda bai yi ba, zubarwa kake?"

"Shanyewa nake. Ai ɓarna ba kyau."

"Na ga alama, ido zuru-zuru. Matar gidan tana ta murna, ko?"

"Ta koma ɗakin yara. Wai ƙara."

"Mai haƙuri ce." Ta miƙa hannu ta shafa wata lotsawa a gindin injin. "Na maigidana ne. Sai da na maka shi da bango kafin na kai shi gwanjo."

Mutumin ya ƙara ƙanƙame abinsa, ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, don Allah, shi ya samo tsakanin?"