Takardar Maimaita Aji

A bencin ƙofar ofishin makaranta a Memphis, ina jijjiga 'yata, kusa da ni wani dogon mutum da wata tsohuwa suna jiran layi.

"Faɗuwa yaron naka ya yi?" in ji tsohuwar, tana leƙen takardar hannunsa.

"Lamont? Na ɗaya ya zo! Maimaita ajin dai zai yi, ya ƙara tsawo, ya fi 'yan ajinsu ƙarfi a ƙwallon kwando. Kowa haka yake yi, Mama. Ba ki ji ba? Dala miliyan hamsin a shekara, ɗan wasa ɗaya!"

"Na ji. Shekara ashirin ina wanke wa 'yan wasan babbar ƙungiyar garin nan tawul. Ɗan nan, kujera sha biyar ce kacal a ɗakin 'yan wasan."

"To, ɗaya tamu ce."

"Kai ma an sa ka maimaita, ko? Da wannan tsawon naka."

Ya yi dariya yana shafa gwiwa. "Sau ɗaya. Ranar bikin gama makarantar abokaina, ta bayan shinge na yi kallo."

Sakatariya ta leƙo. "Ina mai neman maimaita aji?"

Ya miƙe a hankali. "A'a, 'yar'uwa. Rajistar aji na gaba na zo yi."