Ƙaryar da Na Yi Bayan Faɗuwar Itacen Turare

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Iyayena maza da mata, 'yan'uwana, sannunku da zama.

Sunana Yohanna. Yawancinku kun san ni malamin lissafi ne a nan Samaru. Da Fasto ya kira sunana yanzu, saura kaɗan in bi ƙofar baya in fice. Amma na riga na yi wa Ubangiji alkawari zan faɗa, don haka ku yi haƙuri da ni.

Aikin katako ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai. Da gyaran ƙofar kicin ɗinmu na fara. Kafin shekara biyu na kafa rumfa a bayan gida, na cika ta da zarton lantarki, da injin goge katako, da injin huda. Kowace Asabar sai in hau keke napep zuwa Sabon Gari, layin masu sayar da kayan aiki. Akwai wani benci a ƙofar wani shago inda muke haɗuwa, mu bakwai ko takwas masu irin wannan sha'awa. Babu kafinta na gaske ko ɗaya a cikinmu. Hira ce dai: wane inji ne janareta zai iya ɗauka, wane zarto ne ba ya cin katako, wa ya samo na hannu mai kyau. Har guruf muka buɗe a waya, kowa yana tura hoton abin da ya ƙera.

Ba laifi ba ne mutum ya so aikin hannu. Laifina dabam ne. Yabo nake nema. In na tura hoto, ba na iya zama sai na ga wa ya amsa. A cikin wannan majami'a, ana tsakiyar wa'azi, wayata tana kan cinyata ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki, ina leƙawa. Allah ya gafarta mini!

A bencin nan akwai wani dattijo Musulmi, Baba Haladu. Shi ba ɗan sha'awa ba ne, sare itatuwa ne aikinsa tun zamanin gatari. Yakan zo ya zauna yana wasa haƙoran injinsa yana sauraronmu. Wata Asabar wani ya nuna mana bidiyon wani mutum a kan tsani, injin yankan itace a hannu ɗaya, reshe ya dawo ya share tsanin. Muka yi ta dariya. Baba Haladu bai yi ba.

Ya ce, "Ku katakon da ya mutu kuka sani. Itace a tsaye yana da nauyin da ba ku gani."

Na ce, "Baba, ai lissafi ne. Ka duba inda ya karkata, ka yanka, shi ke nan."

Ya ajiye abin wasawar ya dube ni. "Malam Yohanna, in za ka kayar, ka fara buɗe masa baki a gefen da kake so ya faɗi. Sannan ka koma baya ka yanka, amma kada ka raba shi gaba ɗaya. Ka bar masa ɗan tsakiya, shi ne zai riƙe shi ya kai shi ƙasa a hankali. Igiya kuma ta fi tsawon itacen nesa ba kusa ba. In ba ka da irinta, kada ka sa mutum ya riƙe."

Na ji shi sarai. Ba zan ce ban ji ba. Amma a zuciyata cewa na yi, tsoho ne, tsoro ya yi masa yawa.

Bayan wata guda na sayi injin yankan itace na hannu. Tun da na kawo shi gida hannuna yake ƙaiƙayi. Na datse rassan mangwaronmu har matata Saratu ta ce, "Baban Rahila, ka bar mana inuwa mana." Babban itace nake nema.

Kun san ɗan'uwanmu Irimiya, mai gyaran rediyo da talabijin, ga shi can zaune a layi na uku. Abokina ne tun muna samari, shi ma yana zuwa bencin Sabon Gari. A tsakar gidansa akwai wani dogon itacen turare da ya fara karkata wajen katangar maƙwabci. Ya ce mini zai kira Baba Haladu kafin damina ta yi ƙarfi.

Na ce, "Don me? Ga ni, ga inji."

Ya ce, "Yohanna, ka taɓa kayar da irin wannan?"

Na ce, "Sau nawa!" Ƙarya ce. Ban taɓa ba.

Ranar Asabar da hantsi na je. Matarsa Hannatu ta tafi kasuwa, yara suna makarantar koyon waƙa, mu biyu ne kawai. Igiyar da na zo da ita ta guga ce, ko rabin itacen ba ta kai ba. Na hau tsani na ɗaura, na miƙa wa Irimiya bakinta. Sannan na jingina wayata a kan katanga na kunna ɗaukar bidiyo, don in tura wa 'yan guruf su ga aikina.

Irimiya ya ɗaga kai ya dubi itacen, ya dubi igiyar. Ya ce, "Anya? Mu bari mana sai Litinin, Baba ya zo."

Na ce, "Kai dai ja in na ce ka ja."

Na buɗe wa itacen baki, ɗan ƙarami, don ina sauri. Na koma baya na fara yanka. Itacen bai motsa ba. Na san ya kamata in tsaya a nan, na san tsakiyar da Baba Haladu ya ce a bari ke nan. Amma waya tana ɗauka, ba na so a ga ina ta fama. Na ƙara danna injin ciki.

'Yan'uwa, ƙarar da na ji har yau tana kunnena. Itacen ya juya a kan kututturensa kamar mutum ya waiwaya. Bai bi inda na tsara ba. Na yi ihu, "Gudu!" Irimiya ya saki igiya ya juya, amma ina! Babban reshe ya same shi ya danne ƙafarsa ta dama.

Maƙwabta suka shigo, muka ɗaga reshen, muka sa shi a mota zuwa asibiti. Ƙafar ta karye wuri biyu, sai da aka sa ƙarfe. Likita ya ce da ya matsa kaɗan, bayansa zai samu.

A barandar asibitin Hannatu ta iso, ko kayan miyan ba ta ajiye ba. Ta ce, "Baban Rahila, me ya faru?"

Na buɗe baki na ce, "Iska ce ta taso ta juya shi."

Abin da na faɗa mata ke nan. Shi na faɗa wa Saratu, shi na faɗa wa Fasto da dattawan ikilisiya, shi na rubuta a guruf. Kowa ya yi mini jaje. Wasu har godiya suka yi mini don na ɗauke shi da sauri. Zumuntar maza suka zo gidana suka yi mini addu'a wai Allah ya kwantar mini da hankali. Ina durƙushe a tsakiyarsu, ina ji kamar an zuba mini garwashi a riga.

Daga nan zama ya gagare ni. Wata uku cur!

In ina aji, sai in tsaya a gaban allo da alli a hannu, na manta abin da nake rubutawa. In na ji ƙarar injin niƙa a unguwa, gumi ya karyo mini. Abinci in ci loma biyu in tashi. Na kulle rumfata, ko wajen ba na kallo. Yarana suka fara gudun falo in na shigo, don abu kaɗan sai tsawa. Wani lokaci in fita kamar zan sayi katin waya, sai in ga kaina na yi nisa a kan titin Sabon Gari da ƙafa, ban san inda za ni ba.

Irimiya kuwa, ina zuwa duba shi, amma a tsaye. In ajiye lemo, in ce yaya jiki, in ce ina da aiki, in fita. Ban taɓa iya haɗa ido da shi ba.

Bidiyon yana cikin wayata. Sau da yawa na ɗora yatsa zan goge, in kasa. Kallonsa ma na kasa.

Wata rana na je Sabon Gari sayen littattafan yara, na bi ta wani layi dabam don kada in wuce bencin. Sai ga Baba Haladu a gabana, inji a kafaɗa. Muka gaisa. Ya ce, "Ni aka kira na yayyanka itacen na kwashe." Sannan ya ce, "Na duba kututturen, Malam Yohanna. Ban ce wa kowa komai ba. Ba ni ya kamata in faɗa ba." Ya gyara injinsa ya wuce.

Na tsaya a wurin, masu keke suna ta yi mini hon, ban ji ba.

Laraba ta gaba, da aka tashi makaranta, ban nufi gida ba. Na shigo nan. Ba kowa sai wata mama tana shara can baya. Na durƙusa a wancan lungun na fara addu'ar da na saba: Ubangiji ka warkar da Irimiya, ka ba ni salama. Na maimaita, na maimaita. Kamar ina magana da bango. Na tashi zan fita, na kai ƙofa, na dawo. Na sake tashi, na sake dawowa. A karo na uku na faɗi rubda ciki, bakina ya faɗi abin da wata uku ya ƙi faɗa.

"Ya Yesu, ba iska ba ce. Ni ne. An gaya mini, na ƙi ji. Ya roƙe ni mu bari, na ƙi. Don a yaba mini na karya ɗan'uwana, sannan na yi ƙarya a kansa. Ka ji tausayina!"

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Ban ga wani haske ba, ban ji wata murya ba, ba zan ƙara muku abin da bai faru ba. Amma da na ɗago, numfashina ya sauka har ciki. Na zauna a benci, na zauna sosai, ba abin da ke tsikarata in tashi. Na kuma san abin da ya rage mini.

Na je gida na gaya wa Saratu komai. Ta saurara har na gama. Sannan ta ɗauki mayafinta ta ce, "Tashi ka sa takalmi. Tare za mu je."

Mun sami Irimiya a tsakar gida, a kan kujera, sandunansa a jingine, Hannatu tana tsince shinkafa kusa da shi. Na durƙusa a ƙasa na faɗa musu duka, har ƙaryar cewa na saba kayar da itace, har wayar da na jingina a katanga.

Hannatu ta ajiye faranti. Ta ce, "Ka dube ni a asibiti ka ce iska." Ta tashi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Irimiya ya bi ta da kallo. Can ya ce, "Yohanna, ni nake riƙe da igiya. Sama nake kallo. Ko ganye ɗaya bai motsa ba ranar."

Na ce, "Ka sani? Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Da farko haushi ne. Na ce bari in ga iya inda za ka kai. Na kwana biyu ina roƙon Allah kada ya sa in tsane ka, kuma ba da sauƙi abin ya tafi ba. Daga baya sai na ga kana ramewa fiye da ni mai karaya." Ya nuna mini wata kujera. "Ɗauko ka zauna. Wata uku kana zuwa mini a tsaye kamar ɗan aike. Wannan ya fi ƙafar yi mini ciwo. Na yafe maka."

Halleluya! Na zauna har aka kira magariba a masallacin unguwa, muna magana.

Washegari na rubuta gaskiya a guruf, dalla-dalla, da duk abin da Baba Haladu ya ce na ƙi ji. Wani ya fita daga guruf ɗin. Wani kuma ya kira ni ya ce ranar Asabar ɗin nan ya shirya kayar da darbejiyar ƙofar gidansa shi da ƙaninsa, amma ya fasa. Injin yankan itacen na kai wa Baba Haladu na ce ya riƙe. Bai yi mini wa'azi ba, ya ce kawai, "Madalla, Allah ya ƙara sauƙi."

Ba zan ce komai ya koma yadda yake ba. Irimiya ya ajiye sanduna, ya koma shagonsa, amma kun ga yadda yake ɗingishi, kuma ni na jawo. Matarsa Hannatu tana amsa gaisuwata yanzu, a gajarce, ban kuwa ga laifinta ba. Ina roƙonku ku ci gaba da yi mana addu'a. Ku ma da na yi wa ƙarya, Fasto, dattawa, zumuntar maza, ina neman gafararku a gaban Allah.

Amma ina cin abinci. Yarana sun dawo falo. Ina iya zama a sujada daga farko har ƙarshe.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ka binne yana hana ka zama, kada ka kai wata uku kamar ni. Ka faɗa wa Yesu da sunansa na gaskiya, sannan ka tashi ka je wurin wanda ka ɓata wa. Na ɗauka faɗar za ta kashe ni. Ubangiji ya riƙe ni, zai riƙe ka kai ma. Ka dogara gare shi.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga sunansa. Amin.