Kunu Kawai Ya Sha

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka zaƙi.

Na rubuto ne in yaba wa likitocin kasuwa, waɗanda ba su taɓa zama a aji ba amma babu cutar da ta gagare su.

Ni mutumin Gwandu ne, albasa nake kaiwa Kalgo. Ranar kasuwa, Garba, magidancin da ke yi mana dako, ya haɗiye ƙwayoyi don ƙarin ƙarfi. Ya sauke buhu uku, a na huɗu ya yanke jiki ya faɗi yana kumfa. Nan take likitoci suka taru. Wannan ya ɗura masa manja, wancan madara, wani ya cusa masa cokali a baki. Mutumin da bai san inda kansa yake ba!

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta kwantar da shi ta gefe, ta sa masa iskar numfashi, ta ce, "Me ya sha?"

Yayansa ya ce, "Kunu kawai, Hajiya. Gidanmu ba a shaye-shaye."

Ta ce, "Malam, ni ba 'yar sanda ba ce. Sai na san abin da ya sha zan san abin da zan yi masa."

Sai na zaro katin ƙwayar daga aljihun Garba na miƙa mata. Ya farfaɗo, amma ya yi kwana tara a gado, domin manjan ya gangara huhu.

Har yau yayan ba ya amsa sallamata, wai na tona asirin gida. To masu sauraro, a ba ni shawara: da na yi shiru, asirin za mu binne ko Garba?