Amfilifaya Mai Kwanci

A tashar Talata Mafara, wani dattijo yana zaune rungume da akwatin ƙarfe cikin bargo. Wani saurayi ya leƙa.

"Baba, wagga ai amfilifayar Turawan dam ce. Ka ba masallaci, kiran salla ya kai Bakura."

"Ba ta da sukuni, yaro. Kwanci take."

"Kwanci?"

"In an jona ta da wuta, cikinta ɗumi yake. Ƙwan zabi goma na sa mata. Injin wutar kamfanin dam ya tsaya, za ni wurin surukina mai janareto."

"Ba ka da kaza?"

"Ruwan da ya ci gonata bai bar akurki ba."

"To, Allah ya sauke ta lafiya."

"Amin. Rage murya, ba ta son hayaniya."