Kaset ɗin da Za a Aika Kumasi

A kasuwar Deptford da ke London, gaban teburin mai sayar da kaset ɗin bidiyo, wani mutumin Kumasi ya leƙa abin da wata Bakanuwa ta zaɓa.

"Hajiya, wasan Ingila za ki saya? Tsohuwa a kicin, ruwan sama, shayi, ana ta faɗa a kan kare. Wannan ai zaman makoki ne."

"Ya fi na Amurkan da ke hannunka, Malam. Mutum ya buɗe ƙofa kawai, sai dariyar inji ta ɓarke. Su za su gaya mini inda zan yi dariya? Ga mace ta tashi daga barci da jan baki da 'yan kunne!"

"Amma dubi gidajen! Dubi motocin! Na Ingila fa flat ɗin council ne, gidan hayar hukuma irin nawa, har da tabon danshi a bango."

"To ai gaskiya ke nan."

"Wace gaskiya? Ni gida nake aikawa. Yarana suna tara 'yan zango, unguwarmu ta Hausawa, suna cewa ga garin da baba yake. Waccan ƙazantar zan aika musu?"

"Af! Ashe Amurka suke kallo da sunan London."

"Ke fa? Me ya haɗa ki da tsofaffin Turawa a kicin?"

Ta ɗan juya kaset ɗin a hannunta.

"Tun zuwana garin nan, ba Baturen da ya taɓa ce mini in shigo. A nan kaɗai nake ganin cikin gidajensu."

Ya yi tsaki, ya miƙa wa mai tebur nasa.

"Allah Sarki. Ke kina leƙe, ni ina ƙarya."